Karyayyen Kifin Mama Lucia

Jikwoyi, ranar Laraba

Yaya Abdulmajeed,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Anti Nabilah da yara. Ya aiki, ya fama da sanyin ofis? Mu nan sai hayaƙi da godiyar Allah. Zuhra tana gaishe da Kawunta, ta ce ka manta hanyar Jikwoyi tun sadakar arba'in ɗin babanta.

Ka ce ka gaji da saƙonnin muryata, wai ina farawa da kifi in ƙare da rigimar maƙwabta. Ka ce in rubuto maka lissafin sana'ata a takarda, don ka ga inda dubu ɗari biyar ɗin da ka ba ni bayan rasuwar Baban Zuhra ta kwana. To ga shi. Na cusa takardar a ledar kifin gidanka, Sale direba zai miƙa maka. In ta yi ƙarni ka yi haƙuri.

Duk mako ina zuwa kasuwar kifi ta Kado in sayo ɗanyar tarwaɗa kilo ɗari a kan dubu uku-uku. Dubu ɗari uku ke nan. Mu yanka, mu wanke da gishiri, mu lanƙwasa, mu jera a raga a kan gangunan banda biyu da ke rumfar da ka kama min. Kafin mako ya zagayo kifi ya ƙare kakaf, ciniki ya tashi dubu ɗari huɗu. Ka ga riba dubu ɗari cif, ɗaya bisa uku na abin da na zuba. Ku da kuke jiran ƙarshen wata sai ku yi haƙuri da mu.

In na ce "mu", ina nufin ni da Mama Lucia. Ka gan ta ranar zaman makoki, tsohuwar nan 'yar Binuwai da ke ta ɗora tukwane tana saukewa. Ita ta koya min banda tun daga hura wuta. Ba na biyanta ko sisi. Duk kifin da ya karye a kan raga, da kan da ya fita, da ɓurɓushi, nata ne. Ta ƙulla a leda ta sayar wa masu abincin bakin titi, da shi take biyan hayar ɗakinta. Ta ce haka ake yi a garinsu, mai kula da wuta ita ke da karyayye.

Kwastomomina kuwa matan unguwa ne da masu tuwo. Ba sa zuwa wani wuri, don hannuna a sake yake. Wadda ta sayi biyar sai in ɗora mata ƙarami ɗaya gyara.

Burina yanzu in ƙara ganga ta uku, don kuɗin makarantar Zuhra ya tashi bana. Da wannan kifin kaɗai muke ci muke sha, ka sani. Ka duba min da idonka na akanta.

Ƙanwarka,
Rekiya

*

Gwarinpa, ranar Asabar

Rekiya,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Takardarki ta iso. Nan gaba ki sa ta a ambulan daban.

Na karanta lissafinki. Ba lissafi ba ne, murna ce kawai. Ki bi ni a hankali.

Ba a auna riba da kuɗin da aka zuba, da cinikin da aka yi ake auna ta. Dubu ɗari cikin dubu ɗari huɗu, kashi ashirin da biyar ne cikin ɗari, ba ɗaya bisa uku ba. Tun nan kin ragu. Kuma wannan ɗanyar riba ce, ba a riga an taɓa ta ba. Na sa Sale ya tambayo min abin da ba ki rubuta ba. Itace dubu ashirin a mako. Motar Kado, zuwa da dawowa da kaya, dubu sha biyar. Ruwa, gishiri da leda dubu goma. Hayar rumfa in an raba ta, dubu biyar. Dubu hamsin sun tafi. Abin da ya rage, tsantsar ribar ke nan, dubu hamsin. Wato a duk naira ɗari da ta shigo hannunki, sha biyu da rabi ce taki. Idan kilon kifi ya ƙara ɗari biyar a Kado, kin zama mai yi wa mutanen Jikwoyi aikin sa kai.

Sai ramuka biyu da kika haƙa da hannunki. Na farko gyara. Kifin da kike ɗorawa kyauta ya kai na dubu ashirin a mako. Na biyu ita tsohuwar. Kin ce ba kya biyanta. Kina biyanta, har kin fi gwamnati biya. Karyayyen da take kwashewa ya kai na dubu talatin. In kin toshe waɗannan biyu, ciniki ya koma dubu ɗari huɗu da hamsin, tsantsar riba dubu ɗari, kashi ashirin da biyu. Ninki biyu ke nan ba tare da ganga ta uku ba.

Ki kuma yi tunanin wannan. Mutumin da rabonsa yake cikin abin da ya karye, kuma shi ne mai juya kifin a kan wuta, me kike zaton hannunsa zai yi? Ban ce komai ba. Tambaya ce.

Ki gaida yarinyar.

Yayanki,
Abdulmajeed

*

Jikwoyi, ranar Laraba

Yaya,

Assalamu alaikum, da fatan kun wayi gari lafiya. Ga takarda a ambulan, kamar ta masu neman aiki.

Wallahi wasiƙarka ta hana ni cin abinci. Na ɗauka ni mai kuɗi ce, ashe mai riƙe wa masu itace kuɗinsu ce. Na sake bugawa a waya har sau nawa, lissafinka bai motsa ba. Na gode, ka buɗe min ido, ko da yake da yatsa ka buɗe shi.

Gyara na daina tun shekaranjiya. Maman Meshach mai tuwo ta tsaya da roba a hannu tana jira in ɗora, na kau da kai ina gyara itace. Ta ce, "Madam, yau hannu ya yi sanyi ne?" Na ce kasuwa ce. Ta tafi ba sallama. Na ji kunya kamar in nutse, amma na daure.

Zancen Mama Lucia kuwa, Yaya, ka bar shi. Ba ka san matar nan ba. Lokacin da nake takaba, ita ke kwana a ɗakina a kan tabarma, ga ƙafa tana ciwo. Ita ta riƙa kai Zuhra makaranta. Ranar da na fita takaba ta kama hannuna ta kai ni Kado, ta nuna min yadda ake gane tarwaɗar da aka cika wa ciki da abinci don ta yi nauyi a sikeli. Hayaƙin ganguna ya cinye mata ido, ko saƙon waya sai 'yarta Serah ta karanta mata. Wannan matar ce za ta karya min kifi da gangan? Haba Yaya.

Wani abu kuma da na tuna. Kifin da nake aiko muku duk Laraba ya kai na dubu sha biyar, ban gan shi a lissafinka ba. A wane layi zan sa shi? Tsokana nake yi, kada ka ɗaure fuska.

Taka,
Rekiya

*

Gwarinpa, ranar Lahadi

Rekiya,

Salam. Kifin gidana zumunci ne, ba ya shiga lissafi. Ban ji daɗin wannan wasan ba.

Duk abin da kika lissafa na alherin tsohuwar na yarda da shi. Ki saya mata atamfa da Kirsimeti. Amma alheri daban, tsadar aiki daban. Dubu talatin a mako dubu ɗari da ashirin ne a wata. Akwai masu digiri a ofishinmu da ba sa ɗaukar haka. Aikin da take yi kuma kin riga kin iya shi, ke kika faɗa da bakinki.

Nabilah ta yi magana da manajojin manyan kantuna biyu a Wuse. Suna son busasshen kifi a leda mai tambari, kuma suna sayen karyayye da sunan kifin miya. Za su ɗauki duk abin da kike fitarwa, ba ciniki, ba gyara, ba bashi. Amma ba zan kai sana'ar da ke zubar da rabin ribarta gaban mutanen kirki ba.

Don haka ga yadda za a yi. Ko ki gyara tsarinki kafin ƙarshen wata, ko in janye dubu ɗari biyar ɗina in sa su inda za su yi aiki. Hayar rumfa ma da sunana take, kuma ta kusa ƙarewa. Ba barazana nake miki ba. Ke ce mai 'ya a makaranta, ke za ki zaɓa tsakanin ita da maƙwabciya.

Wassalam,
Abdulmajeed

*

Jikwoyi, ranar Juma'a

Mama Lucia,

Barka da yamma, ya ƙafa? Da fatan kin wuni lafiya. Serah, ki karanta wa Mama wannan a hankali.

Mama, na rubuto ne don in na zo da kaina za mu tsaya dogon zance, kuma ba abin da zai canja. An zauna an yi wa sana'ar nan lissafi na ilimi. An gano karyayyen kifin da kike ɗauka ya kai na dubu ɗari da ashirin a wata. Ni mai jari abin da nake tsira da shi bai kai ninki biyu na wannan ba, ga haya, ga makaranta. Ke ma kin san ba adalci a nan.

Daga Litinin karyayye da kai da ɓurɓushi duk za su shiga kaya. Tunda kuma babu abin da zan biya ki da shi, ba sai kin ƙara wahalar da kanki da zuwa rumfa ba. Ki huta, shekaru sun ja, hayaƙin ma ba ya yi wa idonki kyau.

Ban ce kina karya kifi da gangan ba. Amma mutane suna tambaya me ya sa karyayye ya yi yawa haka, ni kuma ba ni da amsa.

Wuƙarki da tsohon faifanki suna wurin mai shagon kusa da rumfa. Makullin da ke hannunki ki ba shi. Na haɗa da dubu goma a ambulan ɗin nan, ki sha ruwa. Ba faɗa muka yi ba, kasuwanci ne.

Na gode da komai.
Rekiya

*

Jikwoyi, ranar Lahadi bayan coci

Anti Rekiya,

Ina gaisuwa. Ni ne Serah. Na karanta wa Mama takardar ki. Ya ce in sake karanta wurin karya kifi, na sake. Yanzu ga abin da ya ce in rubuta, ban ƙara ba ban rage ba.

"Rekiya 'yata, na ji. Sana'a naka ne, ba zan yi rigima ba. Amma wannan magana ba bakinka ba ne, na san bakinka. Wani ne ya sa maka. Ni ban taɓa karya kifi ba, Allah yana gani, kifi in ya bushe shi ne yana karyewa da kansa. Ka riƙa rage wuta a ganga na hagu, yana da rami a gindi, yana ƙona na ƙasa. Kada ka bar Zuhra ya zauna a bakin hayaƙi. Kuɗin ka na mayar, ban yi aikin shi ba."

Shi ke nan maganar Mama. Dubu goma yana cikin ambulan, ki ƙirga.

Nawa maganar kuma, Anti, gidan mu da naki ko minti biyar bai kai ba. Kin aiko takarda kamar daga Legas. Mama ya saka zanin aiki ran Asabar ya zauna a bakin ƙofa, yana cewa za ki zo. Ni na san ba za ki zo ba.

Serah

*

Jikwoyi, bayan Babbar Salla

Yaya na kaina,

Assalamu alaikum. Barka da Salla, da fatan an ci nama lafiya. Mun ga hotunan ragunanku a waya, tubarkalla.

Yaya, Allah ya ƙara maka basira! Watannin nan da na bi tsarinka ban taɓa sauka ƙasa da kashi ashirin da biyu ba. Yanzu ko barci nake ka tashe ni zan faɗa maka bambancin ɗanyar riba da tsantsarta. Ranar nan na tsare mai itace na rage masa ɗari biyar a kowane kaya, ya yi ta rantsuwa da 'ya'yansa, ban ko ɗaga kai ba. Na biya kuɗin makarantar Zuhra tun kafin a koma, karo na farko tun rasuwar babanta.

Aikin dai akwai nauyi ga mutum ɗaya. Bayana kamar an daka, ga tari da ya ƙi tafiya. Karyayyen ma bai ragu ba, kusan yadda yake da can, amma tunda yanzu namu ne ba ya ɓata min rai. Motar kantunan tana zuwa ta kwashe komai. Matan unguwa duk sun koma wurin wata a Karu, ko gaisuwa wasu ba sa amsa min. Su je, na huta da "ɗora min ɗaya".

Mama Lucia ta kasa biyan haya, sun koma Mpape ɗakin da Serah ta kama a saman dutse. An ce tana gasa masara a bakin hanya. Ranar nan na hango ta a Kado, ta zo sayen kan kifi, tana ɗaga kuɗi kusa da ido. Na zagaya ta layin masu kankara, don ba ni da lokacin koke-koke, mota tana jira.

Tambaya ɗaya. Ledar da aka bugo na ga an rubuta sunan Anti Nabilah a jiki, har da hotonta da gyale. Kuma manajan kanti ya ce daga wannan watan kuɗi ba asusuna za su shiga ba, na kamfani za su shiga. Wane kamfani? Ko yana da alaƙa da takardun Turancin da Sale ya kawo na sa hannu ina tsakiyar juya kifi? Ka warware min, ka san kan ƙanwarka.

Taka har kullum,
Rekiya

*

Gwarinpa, ranar Talata

Rekiya,

Wa alaikumus salam. Na yi farin ciki da kika fahimci darasin. Ba kowa ke ɗauka da sauri haka ba.

Manyan kantuna ba sa hulɗa da mutum, da kamfani mai rajista suke hulɗa. Ni ma'aikacin gwamnati ne, sunana ba zai fito ba. Ke kuma ba ki da takardun da ake nema. Shi ya sa aka yi da sunan Nabilah. Takardar da kika sa wa hannu ta tabbatar da abin da kowa ya sani, cewa jarin nawa ne, rumfa tawa ce, ke kuma mai gudanarwa ce. Ban taɓa cewa kyauta na ba ki ba. Cewa na yi ki riƙe ki juya, kin kuwa juya.

Akwai kuskure ɗaya da ya rage a lissafinmu, yanzu za a gyara shi. Ba mu taɓa sa ladan aikinki ba. Sana'ar da ba ta san kuɗin ma'aikacinta ba, ba ta san ribarta ba. Na bincika abin da ake biyan masu banda a Kado da Karu. Za a riƙa ba ki dubu saba'in a wata, kuma wannan sama da kasuwa ne saboda jini. Abin da ya rage ribar kamfani ce, ta masu jari.

Na san za ki ce a da kina ganin kusan dubu ɗari huɗu a wata. Wannan kuɗin ba naki ba ne tun asali, ribar jari ce da albashi a cakuɗe, ni kuma na kau da kai saboda halin da kike ciki. Ba zan nemi ki mayar da na baya ba.

Kifin gida ya ci gaba da zuwa ranar Laraba.

Yayanki,
Abdulmajeed

*

Jikwoyi, ranar Laraba

Yaya Abdulmajeed,

Salam. Ban iya doguwar gaisuwa yau ba.

Ranar da ka ba ni kuɗin nan a gaban gawar mijina ka ba ni, mutane suna ta sa maka albarka, kana sunkuyar da kai. Ba wanda ya ji kalmar jari a bakinka. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, Yaya. Ni na riƙa wanke maka kayan makaranta a Keffi.

Dubu saba'in! Hayar ɗaki da kuɗin Zuhra kaɗai sun cinye ta. Ka sa na kori matar da ta riƙe ni, ka sa na kori masu sayena, yanzu ba ni da mai saye ko ɗaya sai motar matarka. Ashe ba ramuka nake toshewa ba, ƙofofina nake rufewa ɗaya bayan ɗaya kana kallo.

Ban yarda ba. Ko a raba riba biyu, ko in kai maganar gaban Baffa a gida. Ina jin zafinka a raina irin wanda ban taɓa ji ga wani ɗan Adam ba.

Yau ba kifi. Sale ya koma da leda wayam.

Rekiya

*

Gwarinpa, ranar Litinin

Rekiya,

Salam. Na bar ki kwana biyu ki huce. Baffa na riga na yi masa bayani, na kuma nuna masa sa hannunki. Ya ce a yi haƙuri da juna. Kuɗin maganinsa na wata ni nake aikawa, kin sani.

Ban kori kowa ba. Wasiƙar da aka kai wa tsohuwar ba rubutuna ba ne.

Yanzu ga abin da ake ciki. Kamfani ya sayi injin banda mai aiki da gas, an kafa shi a Kubwa. Ga dalili, tunda kin iya lissafi. Itace, hayar rumfa da albashinki suna cin dubu ɗari da saba'in a wata. Gas da mai kula da inji za su ci dubu ɗari da goma. Riba za ta tashi daga kashi sha takwas zuwa kusan ashirin da biyu. Kashi uku da 'yan kai ba abin wasa ba ne a sana'ar abinci. Ba fushi ya sa na yi ba, tun kafin wasiƙarki aka yi odar injin.

Don haka aikin Jikwoyi ya ƙare a ƙarshen watan nan. Ki je Kubwa ki nuna wa mai injin ma'aunin gishiri da yadda ake lanƙwasa kifin, za a biya ki kuɗin mota. Mai rumfa zai karɓi makulli. Gangunan biyu ki ɗauka, na bar miki, ko da yake ɗayar a fashe take.

Idan abu ya yi tsanani, Zuhra tana iya zuwa ta zauna da mu. Nabilah tana neman mai taya ta da yara.

Allah ya sa hakan ya fi alheri.

Abdulmajeed

*

Jikwoyi, ranar Alhamis

Mama Lucia,

Ina kwana Mama, ya ƙafa, ya ido? Ya hawan dutsen Mpape? Kullum kina raina, hidima ce ta yi yawa. Na ba mai kai kifi Mpape wannan takarda, ya ce ya san inda kike gasa masara. Serah, don Allah ki karanta mata duka.

Mama, kin yi gaskiya, maganar ba bakina ba ce. Yayana ne. Ni ma ya yi min abin da ya fi naki. Ya ƙwace sana'ar, ya ƙwace rumfa, ya mayar da komai sunan matarsa. Yau ganguna biyu ne kawai a ƙofar ɗakina, mai gidan haya yana cewa in kwashe masa su. Zuhra tana gida, an koro ta daga makaranta saboda kuɗin sabon zango. Na zagaya wurin matan unguwa, Maman Meshach ta ce min ita ma kasuwa ce.

Abin da ya wuce ya wuce, Mama, mu duka an cuce mu. Ga shawarar da na zo da ita. Ke masu kifin Kado sun san ki tun da daɗewa, za su ba ki kilo talatin bashi, ni ba za su ba ni ba. Masu abinci ma in sun ga fuskarki za su dawo. Ni ina da ganguna da ƙarfi, kuma yanzu na iya lissafi sosai, ba wanda zai cuce mu. Na buga, ko da gyara za mu tsira da kashi goma. Karyayye naki ne kamar da, har in ƙara miki wani abu a kai in riba ta zauna.

Ki taimake ni don Zuhra, jikarki ce. In ba haka ba sai in kai ta aikatau gidan kawunta. Ko ki ce in zo, gobe-goben nan zan hawo dutsen.

'Yarki,
Rekiya

*

Mpape, ranar Asabar

Anti Rekiya,

Ina gaisuwa. Takardar ki ya zo hannu na, don ni nake zama a wurin masara yanzu. Mama ya daina fita, idon ya rufe gaba ɗaya.

Ban karanta mishi ba, kuma ba zan karanta ba. Na san Mama. In ya ji, zai ce in riƙe hannun shi in kai shi Kado ya ci bashi domin ki.

Har yanzu yana tambayar ki. Duk Lahadi yana sa sunan ki da na Zuhra a addu'a. Na gaya mishi kin koma Keffi, kin yi aure, kina lafiya. Ya yi murna sosai. Ki bar shi a haka.

Kada ki hawo dutsen. In kin zo, ni za ki samu a ƙofa.

Ki gaida Zuhra.
Serah